Jinyar da Na Yi wa Haƙorin Makkan Goggo

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Alhamis ta tsakiyar damina, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a ɗakin likitan haƙori na wani asibiti a nan Minna. (Na riƙe mintin ne saboda agogon bango yana saitin idona, kuma a lokacin babu inda nake iya kallo sai shi.) Mu shida ne a ɗakin: likita, nas guda, ɗalibai biyu masu koyon aiki, Goggona a kishingiɗe kan doguwar kujerar nan ta masu ciwon haƙori, sai ni a tsaye kusa da ƙofa cikin farar shadda mai sabuwar guga, ina riƙe da jakarta.

Kafin in faɗi abin da ya faru, ya kamata mai karatu ya san ko wane ne wannan mai farar shaddar. Shekara goma sha huɗu na yi ina gabatar da shirin kiwon lafiya a wani gidan rediyo na garin nan, minti talatin a kowane mako. Aikina shi ne in gayyato likita, in yi masa tambaya, in maimaita amsarsa da Hausa mai daɗi. Ban taɓa karanta aikin likita ba, ko na yini ɗaya. Amma idan mutum ya daɗe yana maimaita maganar masana da murya mai nauyi, sai jama'a su fara ɗaukarsa masani, kuma abin takaicin shi ne shi ma yakan fara yarda. A kasuwa akan tare ni a nuna mini ƙurji. A gidan biki akan jawo ni gefe a tambaye ni maganin hawan jini. Ban taɓa ce wa kowa ban sani ba.

Goggo kuwa yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni tun ina ɗan shekara uku, a hannunta na girma, a gidansu na unguwar Kpakungu. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini har yau. Mijinta, wanda muke kira Malam, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekaru a tashar Zungeru kafin su dawo Minna. Bayan ya yi ritaya suka tafi aikin Hajji tare, kuma a can aka sa wa Goggo haƙorin Makka, a sama, na biyu daga tsakiya ta ɓangaren hagu. Labarin sa haƙorin nan na ji shi ya fi a ƙirga. Ita ba ta so, tsoro take ji, Malam ne ya matsa.

"Shi ya riƙe mini hannu ana yi," in ji ta, "ga mutane cike da wurin, bai ji kunyar kowa ba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa riƙe hannuna a gaban jama'a ba sai ranar."

Malam ya rasu shekara biyu bayan dawowarsu. Gidan na haya ne, kayansa kuma 'yan'uwa sun raba. Abin da ya rage wa Goggo daga gare shi, wanda babu mai iya cewa a kawo a raba, shi ne wannan haƙorin.

To, shi ne ya fara ciwo. Dasashin da ke samansa ya kumbura, ya riƙa fitar da mugunya yana komawa. Da muka je asibiti aka ɗauki hoto, likita ta nuna mana wani baƙin tabo a kan saiwar haƙorin. Ta ce ciwo ne ya taru a can ciki har ya ci ƙashin muƙamuƙi ya yi rami. Hanya biyu ce: ko a cire haƙorin a huta, ko a yi ƙaramar tiyata, a buɗe dasashi, a yanke ƙarshen saiwar, a wanke ramin, a ɗinke, a jira ƙashi ya cike.

Goggo ba ta bari na gama fassara ba. "Ce mata kada ta cire. A yanka ko'ina, amma a bar mini shi."

Likitar mace ce mai natsuwa, ba Bahaushiya ba, tana jin Hausa daidai gwargwado, amma bayanin aiki da Turanci take yi mini don in mayar wa Goggo. Ta ce tana da kyakkyawan zato haƙorin zai tsaya, muddin aka bi doka bayan tiyata. Ta soma yi mini wani bayani a kan abin da za ta zuba a cikin ramin. A daidai lokacin nas ɗin ta gane muryata. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa bari shirina ya wuce ta ba, ko zan yarda ta kira ta mu gaisa? Na karɓi waya. Na gaisa da tsohuwa, na tambayi ƙafarta, har na ba ta shawara. Da na juyo, likita ta gama bayaninta, ta miƙo mini takarda, na sa hannu.

An yi tiyatar ranar Litinin ta makon da ya biyo baya. Ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Da aka fito da Goggo, leɓenta ya yi nauyi saboda allurar kashe zafi, amma abin da ta fara yi shi ne kai harshe ta taɓa haƙorin ta tabbatar yana nan. Likita ta ɗauko wata takarda mai layuka, ta ce bari ta bi mini su ɗaya bayan ɗaya, sai kuma ta yi murmushi ta ce, "Ko da yake, Yallaɓai, ai kai ka san waɗannan."

Nan ne wurin da ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce, babu mai wahalar furtawa a cikinsu. Amma ga nas tana kallona, ga Goggo ta ɗago kai tana jin an yabi ɗanta.

"Sarai kuwa, Likita," na ce. "Mun sha yin shiri a kan wannan."

(Ba mu taɓa yi ba. Mun yi a kan goge baki, sau biyu.)

Na ninke takardar na jefa a aljihun mota, na tuƙa mu zuwa Kpakungu.

Na ɗauki hutun mako guda saboda jinyar, domin hannun Goggo yana rawa tun shekaru uku da suka wuce, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Kullum ina isa gidan da ƙarfe bakwai na safe, in koma da la'asar. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Matar nan ta yi jinyata ta ƙyanda, ta yi ta karaya, ta yi ta shawara, ban taɓa samun damar ramawa ba. Ga dama ta zo, kuma a fannin da duk gari ya san ni da shi.

Da yammacin ranar farko kuncinta ya fara tashi. Ta ce, da bakinta da ba ya buɗewa sosai, "Babana, kamar na ji yarinyar nan mai farin kaya ta ce a ɗora ƙanƙara."

Na yi dariya irin ta manya. Na ce wa ya taɓa ganin an bi kumburi da sanyi? Kowa a ƙasar nan ya san kumburi gashi yake so. Mai jego gashi, mai targaɗe gashi, yaro ya faɗo daga bishiya gashi. Ita da kanta ta gasa mini gwiwa da tsumma da ruwan zafi ina kuka tana cewa in yi haƙuri. Na dafa ruwa, na jiƙa tawul, na matse, na danna mata a kunci. Ta runtse ido. Na ce ta daure, zafin shi ne maganin. Da na gama na haɗa ruwan gishiri mai zafi, na jefa kanumfari, na ce ta kurkure da ƙarfi, ta kai shi kowane lungu, ta tofar. Ta yi. Ruwan ya fito ja. Na ce mataccen jini ne yake fita.

Maƙwabciyarta, Mama Laraba, 'yar Gbagyi ce, shekara talatin suna shan ruwan rijiya ɗaya. Ita ce take kawo mata faten doya mai laushi kullum da rana. A rana ta biyu ta same ni na ɗaga leɓen Goggo sama da yatsa ina haska ɗinkin da fitilar waya.

"Oga Rediyo," ta ce, don haka take kirana, "asibiti sun ce a riƙa buɗewa haka?"

"Dole a duba, Mama. Ciwon da ba a dubawa shi ne yake ruɓewa."

"To. Ni dai lokacin da aka yi wa mijina aiki, cewa suka yi kada a taɓa."

"Wannan daban ne."

Ta ajiye kwano, ta dube ni, ta dubi Goggo. "Ku ne masu boko," ta ce, ta fita.

A rana ta uku na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ta gefen ɗinkin, inda zare ɗaya ya ɗan saki (yanzu na san ɗaga leɓen da nake yi safe da yamma ne ya sake shi), wasu fararen ƙwayoyi suna leƙowa, ƙanana, kamar tsakin gishiri. Na murza ɗaya a yatsa na ji tauri. Nan take na yanke hukunci, ba tare da shawara da kowa ba, cewa ragowar ruɓaɓɓen ƙashi ne da likita ba ta kwashe duka ba. Har na ɗan girgiza kai don takaicin aikin likitocin zamani.

Ina da lambar wayar asibitin. Na ma ɗauko wayar. Sai na tuna wanda zai ɗauka zai iya gane muryata, kuma zai ji mai shirin lafiya yana tambayar mene ne wannan farin abu. Na mayar da ita aljihu.

Na sami tsinken sakace, na naɗa masa auduga a kai, siriri, tsaf. Na tsoma a ruwan gishiri. Na zaunar da Goggo a bakin ƙofa inda haske yake, na sa ta jingina kanta da bango, na shiga aiki. A hankali nake yi, da kula, ina kwaso ƙwayoyin ina gogewa a farin ƙyalle. Hawaye yana bin kuncinta, amma ko motsi ba ta yi ba. Da na gama na nuna mata ƙyallen.

"Kin gani, Goggo? Duk wannan a cikin bakinki yake."

Ta duba ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Babana. Da ba ka nan fa?"

Sau huɗu na yi wannan aikin cikin kwana uku. Kowane karo sai na fi na baya zurfi, saboda kowane karo ƙofar ta fi faɗi.

Likita ta ce mu koma bayan kwana goma a cire zare. Kafin ranar, kuncin Goggo ya kumbura har ƙasan ido, jikinta ya yi zafi, bakin ya soma wari. Na ce alamar ciwo yana fita ne. Na ƙara gashi. Mama Laraba ta daina yi mini magana, sai dai ta ajiye kwano ta zauna kusa da Goggo ta riƙe mata ƙafa. Ranar Alhamis ɗin na sa farar shadda, saboda daga asibiti zan wuce ofis, na ɗauki Goggo muka tafi.

Likita ta shigo da fara'a, ta gaishe mu, ta gabatar da ni ga ɗaliban nan biyu, namiji da mace, ta ce yau sun yi sa'a. Ta sa safar hannu, ta kunna fitila, ta ɗaga leɓen Goggo a hankali. Sai fara'ar ta ɗauke. Ta daɗe tana dubawa. Ta taɓa haƙorin da ɗan ƙarfe, na ga ya motsa daga inda nake tsaye. Ta sa hantsaki ta zaro wani abu daga cikin ramin ta ɗaga shi a haske. Zaren auduga ne.

"Ina garin ƙashin da na zuba?" ta ce. Ba kowa take tambaya ba tukuna.

Ta juya ga ɗaliban ta yi musu bayani, ni ma a lokacin na fara jin sa. Ramin da ciwo ya ci ya yi girma, ƙashi ba zai iya haye shi da kansa da wuri ba. Shi ya sa ake cika shi da wani gari mai kama da tsakin gishiri, a rufe, a ɗinke. Jini yakan daskare a tsakanin ƙwayoyin, sabon ƙashi ya bi ta kansu yana ginuwa, kamar yadda magini yake kafa katako kafin siminti ya kama. Abin da ake so kawai shi ne a ƙyale wurin, wata da watanni. Idan ƙwaya ɗaya ko biyu ta faɗo, ba komai. Amma wannan, in ji ta, kwashe shi aka yi.

Duk da Turanci ake yi, Goggo ta gane kalmar ƙashi. Ta ce, "Ƙashin waye aka sa mini?"

"Ba na kowa ba ne, Mama, haɗa shi ake yi." Likita ta koma Hausa, ta sunkuyo. "Mama, wa ya taɓa wurin nan? Wa ya sa tsinke? Kuma an yi gashi, ko? Ga fatar ta nuna."

Ƙarfe goma da minti ashirin ke nan. Ni mutum ne da aka horar kada ya bar shiru ya wuce daƙiƙa uku a rediyo. Na san tsawon daƙiƙa sarai. Na ƙirga bakwai. A cikin bakwai ɗin nan na tsara jimlar, gajera, mai kyau: Likita, ni ne. Na ji ta a kan harshena. Na dubi ɗaliban, na ga macen ta riga ta fito da waya tana jiran a gama ta nemi mu ɗauki hoto.

"Ni ce," in ji Goggo.

Ba ta dube ni ba. Rufin ɗakin take kallo.

"Ƙaiƙayi yake yi mini, 'yata. In Babana ya tafi sai in sa tsinke. Gashin ma ni na yi. Ya hana ni, ban ji ba."

Likita ta cire safar hannu ta jefa a kwando. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce, "Haba Mama. Haba Hajiya. Kin ce in bar miki haƙori, na tsaya na yi aiki na bar miki, ke kuma kin je kin tone da hannunki. Ga ɗanki duk gari yana jin maganarsa, ke da kike uwarsa ba ki ji." Ta juya ga ɗaliban ta ce su riƙe wannan, aikin tsofaffinmu ke nan, kana gyarawa suna ɓatawa, sai an yi haƙuri da su. Namijin ya rubuta wani abu a littafinsa.

Goggo ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Tsufa ne."

Sai likita ta juyo gare ni, da tausayi a fuskarta, ta ce, "Sannu, Yallaɓai. Na san ka yi iya ƙoƙarinka."

Na ce, "Sai haƙuri, Likita."

Abin da na ce ke nan. Da muryar aiki na faɗe shi, mai nauyi, kowane harafi ya fita. Na kuma tsaya aka ɗauki hoton.

Likita ta ce ciwo ya koma ramin, ƙashin da ke riƙe da saiwar ya ƙara lalacewa, haƙorin ba zai tsaya ba. Ta rubuta magani na mako guda don kumburi ya sauka, sannan a cire. Goggo ta tambaya sau ɗaya ko babu wata dabara. Aka ce babu. Ta ce to.

A mota, kafin in tayar, na buɗe aljihun gaba na ɗauko takardar. Tana nan yadda na ninke ta. A ɗora ƙanƙara a kunci ranar farko, kada a kusanto da zafi. Kada a kurkure baki da ƙarfi, kada a yi ta tofarwa. Kada a ɗaga leɓe don duba ɗinki. Kada a taɓa wurin da yatsa ko da wani abu. Idan an ga ƙananan fararen ƙwayoyi kada a damu, garin ƙashi ne, a ƙyale su. Idan kumburi ya ƙaru bayan kwana uku, a kira wannan lamba. Karanta ta duka bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Wanda ya ga jinyar da na yi zai rantse na karanta takardar ne na bi ta layi layi ina saɓawa.

Goggo tana gefena, ta jingina kai da gilashi. Ta ce, "Tayar mana, Babana, rana tana yi."

An cire haƙorin ranar Alhamis ta gaba. Likita ta sake wanke ramin, ta sake zuba garin, ta ɗinke. A wannan karon Mama Laraba ce ta bi mu, ba wanda ya gayyace ta, kuma ita ta miƙa hannu ta karɓi takardar dokokin. Jikarta ta karanta mata a gida. Ni aikina ya koma kawo kunu da tuƙa mota.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce rauni ne na daƙiƙa bakwai. Amma likita ta roƙe ni in gayyace ta shirina ta ja kunnen jama'a, kuma ban sami bakin ƙi ba. Mako uku bayan haka tana zaune gabana a ɗakin watsa shirye-shirye. Ta yi bayani mai kyau, wanda na tabbata ya amfani mutane. Can wajen minti na ashirin ta ce bari ta ba da misali da wata tsohuwa, ba za ta faɗi suna ba, wadda ta tone aikin da aka yi mata da tsinke har ta rasa haƙorin da take so. Ta ɗaga kai ta dube ni don in ce wani abu.

Na matso kusa da abin magana na ce, "Allah sarki. To, masu sauraro, kun dai ji."

Goggo ba ta taɓa bari shirina ya wuce ta ba. Rediyonta yana kan taga.

Washegari da hantsi na je Kpakungu. Mama Laraba tana tsakar gida tana fere doya. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Mun ji ka jiya, Oga Rediyo. Murya ta fita." Ta ci gaba da aikinta.

Na sami Goggo a ɗaki tana tsince wake. Na zauna a ƙasa, abin da na daɗe ban yi ba. Na ce mata abin da ita da ni muka sani. Na ce ta yafe mini. Na ce zan koma asibiti in faɗa, zan kuma faɗa a rediyo.

"A rediyo? Don me?" ta ce. Maganarta ta ɗan sauya, iska tana bi ta giɓin. "Kai da bakinka kake ci. Ni tsohuwa ce, in an ce ban da wayo, wa zai yi mamaki? Kai in aka ce maka haka, ina za ka sa kanka? Bar shi."

Ta tura wani wake gefe da yatsanta mai rawa.

"Haƙori kuma, wanda ya sa a saka mini shi ma ya tafi, balle shi." Ta ɗan tsaya. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ta ce ba na jin magana. Har a rediyo ta faɗa. Ni kuwa, Babana, tun da nake ban taɓa ƙin jin magana ba. Taka na ji."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta miƙo mini tiren ta ce in taya ta, idonta ba ya ganin ƙananan duwatsun.

Na je wurin likita ranar Litinin. Na jira ta sallami kowa, na shiga, na faɗa mata ba tare da muryar aiki ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ranar da za a cire haƙorin ta ba Goggo kofin ruwa, ta ga sai da ta sa hannu biyu kuma duk da haka rabi ya zube, abin ya ɗan tsaya mata a rai, ta yi tunanin yadda mai irin wannan hannun za ta naɗa auduga a tsinke. Amma ta kawar da tunanin, saboda mutumin da ke jinyar Goggo ni ne. Na tambaye ta ko da haƙorin zai tsaya in da ban taɓa ba. Ta ce ba ta da tabbas, irin wannan aiki wani lokaci yakan ƙi ko an bi doka, amma da ta sa rai sosai. Sannan ta ce, "Ka sa na yi wa uwar wani faɗa a gaban ɗalibaina." Da yammacin Juma'a ta zo Kpakungu da kanta, a keke napep, ta durƙusa ta ba Goggo haƙuri. Goggo ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta cewa a kawo wa baƙuwa ruwa.

A rediyo kuwa ban faɗa ba. Nakan ce wa kaina Goggo ce ta hana, kuma gaskiya ne ta hana, sai dai na lura ban taɓa yi mata biyayya da sauri irin wannan ba. Wannan rubutun shi ne iyakar jarumtakata, shi ma ban sa suna ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma yaron firamare ya riga ni saninsa. Yanzu idan likita ya ce mini, "Ai kai ka san waɗannan," nakan ce ban sani ba, in ciro biro. Masu tare ni a kasuwa da ƙurji nakan nuna musu hanyar asibiti, har wasu sun fara cewa girman kai ya kama ni. Shekara goma sha huɗu ina da shi babu wanda ya lura, sai da na fara ajiye shi.

Bayan wata shida aka sake ɗaukar hoto. Ƙashin ya cike tsaf, babu tabo ko kaɗan, likita ta nuna wa Mama Laraba ta ce aikinta ya yi kyau. Ta ce yanzu wurin zai iya ɗaukar sabon haƙori, fari ko na zinariya, duk wanda Goggo take so. Goggo ta ce a bar shi haka.